Maganar Gada An Ɗage

Daga tsallaken rafi, ranar Lahadi.

Zuwa ga 'yata, 'Yar Majalisa.

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan kina lafiya, ke da maigidanki da yara. Mu nan lafiya lau, ban da gwiwar uwargidana, Innarki, da ta dawo da halinta, sai kunnuwana da kin san labarinsu. Shekara talatin ina tsaye a kan injin niƙa, ya niƙe hatsin mutane ya haɗa da jina. Saboda haka kada ki ƙara cewa mu yi magana a waya. Rannan da kika kira ina ta "na'am, na'am", ashe tuni kin kashe. Takarda ta fi min. Ga Ba-Sauri nan, direban a-kori-kurar nan da mai keke ke wuce shi a kan kwalta. Duk Litinin da Alhamis yana kai kaya cikin gari, ofishinku kuma a kan hanyarsa yake. Zai kai miki, ya karɓo min amsa.

Na san za ki ce ke ba 'yar majalisa ba ce, aikinki kawai ki rubuta abin da kansiloli suka faɗa a zama. Ki faɗa wa wani. A nan kowa ya san mai injin niƙa yana da 'ya a majalisar birni, da wannan ma suka ɗora min shugabancin ƙungiyar unguwa. Ban gaya musu cewa ni da mahaifiyarki kaka kawai muka haɗa ba.

Maganar gada ce. Shekara uku ke nan da aka ce an shigar da unguwarmu cikin birni. Mai karɓar haraji tun a makon farko ya gane hanya. Bara injiniyanku ya zo, ya shiga ƙarƙashin gadar da tocila, ya fito yana girgiza kai. Washegari aka jera gangunan ƙarfe huɗu a bakinta, aka kafa allo cewa an hana mota hawa sai an gyara. Yau wata goma sha huɗu. Ba-Sauri a wancan gefen yake ajiye motarsa, buhu kuwa sai a ka ko a baro. Makon jiya naƙuda ta kama matar tela, a baro aka tsallaka da ita, da idona na gani.

An ce yanzu ne lokacin kasafin kuɗi. Ki duba mana, gadarmu tana ciki ko ba ta ciki?

Kawunki, mai injin niƙa.

*

Daga ofishin majalisar birni, ranar Alhamis.

Kawu, barka da war haka.

Na ga takardarka, na yi dariya har mai shara ta leƙo. Muna lafiya, sai ƙaramar da ke fama da haƙori. Maigidan har yanzu yana neman aiki, yana gaishe ka. A gaida Inna, a ce mata ta rage tsugunno.

Gada tana ciki, Kawu, amma bari in gaya maka yadda cikin yake. Ayyuka ashirin da uku aka jera, gadarku ce ta goma sha bakwai. Bara ta goma sha tara ce, ka ga ana ci gaba. Kuɗin da ke hannu kuwa ba kasafai yake wuce aiki na takwas ba. Na ɗaya a bana shi ne shataletale a bakin sabuwar unguwar da aka yanka filaye a gabas. Na biyu fitilun titi a cikinta. Na je wurin sau ɗaya, ban ga kowa ba sai awaki da turakun siminti.

Ba zan yi wa ciyaman ƙarya ba, yana da hujjarsa. Ya ce birnin da bai faɗaɗa ba ba zai samu abin gyara tsofaffin unguwanni ba, idan masu hali suka gina a gabas, da harajinsu za a yi gadoji goma. Kansiloli suka tafa. Kansilanku ma ya tafa, na ga hannunsa.

Akwai kwamitin sa ido, mutum biyar, su ne ya kamata su zagaya su ga ayyuka. Motarsu ta lalace tun bara, gyaranta shi ne aiki na ashirin da ɗaya. Yanzu a hoto suke sa idon.

Abu ɗaya nake so ka riƙe. Na zaro rahoton injiniya daga fayil na karanta. Ya ce ruwa ya cinye ƙarƙashin ƙafar gadar ta ɓangarenku, daga sama ba a gani. Ya ce a gyara cikin wata shida. Don Allah ku bar gangunan nan inda suke. Alhamis ta sama za a yi zaman ƙarshe a kan kasafin, abin da aka yanke zan gaya maka.

Ba-Sauri ya zauna a benci yana jira, na ba shi ruwa ya ce ba ya sauri.

'Yarka.

*

Daga tsallaken rafi, ranar Lahadi.

'Yata, gaisuwa da fatan alheri. Allah ya sa haƙorin ya fito lafiya. Gwiwar Innarki da sauƙi, bakinta kuwa lafiyarsa ƙalau.

Na karanta wa 'yan ƙungiya takardarki a ƙofar shago, ban da wurin awaki, don kada wani ya je ya faɗa a jawo miki magana. Rai ya ɓaci ƙwarai. Mai kanti ya ce shi zai tashi ya koma wancan gefen. Tela kuwa, ɗan nasa bai zo da rai ba, ban gaya miki a waccan takardar ba don a lokacin ban sani ba.

Ga abin da muka tsayar. Idan majalisa ba za ta gyara a bana ba, to a sake turo injiniya ya duba, a ɗage mana dokar nan ko da ga ƙananan motoci ne. Wata goma sha huɗu gadar nan tana tsaye, damina guda ta wuce ta kanta, ko tsagewa ban gani ba. Injiniya mutum ne, yana iya kuskure. Mun rubuta takardar koke mun ba kansila, ya sa a aljihu tare da goronsa, ya ce lallai zai ta da maganar ranar Alhamis.

Ke dai ki buɗe kunne, tun da naki suna aiki. Ba-Sauri zai biyo ranar, ko layi ɗaya ne ki ba shi. Mutane sun sa min ido, in na fito da safe kafin a gaishe ni sai an tambaye ni gada.

Kawunki.

*

Alhamis, a tsaye.

Kawu, ina gaisuwa. Yanzu aka fito hutun rabin sa'a, za a koma. Maganar gada an ɗage. Zan rubuto maka bayani ranar Litinin. A gaida Inna.

'Yarka.

*

Daga tsallaken rafi, ranar Lahadi.

'Yata, 'Yar Majalisa ta gaske!

Allah ya yi miki albarka, ya raya miki zuriya. Lafiyarmu ƙalau, yau har gwiwar Innarki ta manta da ciwo.

Layi ɗaya na roƙa, layi ɗaya kika ba ni, ya kuwa ishe mu. An ɗage! Ranar Juma'a da safe na tara mutane na karanta musu. Wani ya ce mu jira ma'aikatan majalisa su zo su kwashe gangunansu. Na ce waɗanda motar sa idonsu ma ba ta tashi? Sai mu tsufa muna jira. Mu shida muka mirgina gangunan gefe, allon kuma na ajiye shi a shagona don kada a sace, in sun zo su karɓi abinsu. Masu keke mai ƙafa uku tun a ranar suka fara wucewa, mata suna ta yi min addu'a. Rabon da in ji kaina ya yi girma haka har na manta.

Ba-Sauri ne kawai ya tsaya taurin kai. Juma'a ya ƙi, Asabar ya ƙi. Yau na kira shi na nuna masa takardar, na ce kai ka kawo ta da hannunka, ko ka fi majalisa sani ne? Ya ce in sake karanta masa. Na sake. Ya daɗe yana kallon gadar, sannan ya shiga mota ya tsallako a hankali kamar mai ɗauke da ƙwai. Yau motarsa a ƙofar gidansa take, 'ya'yansa sun wanke ta har tayoyi. Gobe zai yi lodin buhunan gari tun daga bakin shagona, ba baro ba dako.

Ana yayyafi, zan rufe shago. Shi zai kawo miki wannan.

Kawunki mai godiya.

*

Daga ofis, Litinin da safe.

Kawu, ina kwana. Da fatan kun tashi lafiya, ruwan jiya bai yi muku ɓarna ba. Haƙorin ya fito, mun samu barci.

Ga bayanin da na yi alkawari, ina rubutawa kafin Ba-Sauri ya iso, ko da yake yau sunansa ya bi shi, har ƙarfe goma ban gan shi ba. Ka yi haƙuri da labarin, ba mai daɗi ba ne. Kansilanku bai fito da takardar kokenku ba, ban san ko tana aljihun ba har yanzu. Da aka iso kan gada, ciyaman ya duba agogo ya ce a ɗage maganar zuwa kasafin baɗi. Ba a yi minti biyu a kanta ba. Shataletale kuwa an yi sa'a guda ana gardama a kan ko a sa masa famfon ruwa mai tsiri. Batun sake turo injiniya ko sassauta doka ba wanda ya ta da shi. Dokar tana nan yadda take, sai ku ƙara haƙuri da baro.

Na san za ka ji kunyar mutane. Ka ce musu 'yarka ba ta da murya a ɗakin nan, alƙalami kawai gare ta.

Ƙari, da azahar. Kawu, yanzu masinja ya shigo yana cewa wata gada ta rufta da mota a bayan gari. Na ce ba taku ba ce, taku a rufe take. Na kira wayar Inna sau bakwai ba ta shiga. Ba-Sauri bai zo ba. Zan ba mai babur wannan ya kawo maka yanzu. Don girman Allah ka aiko min da amsa.

*

Daga tsallaken rafi, ranar Asabar.

'Yata, ina gaisuwa. Muna nan da rai. Innarki ba ta iya cin abinci, ni ma haka.

Tamu ce. Ba-Sauri ya rasu.

Na yi kwana biyar ina ɗaukar alƙalami ina ajiyewa. Ranar Litinin ya yi lodi a ƙofar shagona, ni na miƙa masa buhu na ƙarshe, na ba shi takardar godiyar da na rubuta miki, ya sa a aljihun gaba. Ya tashi mota, ni kuma na juya na shiga in kunna inji. Ban ji komai ba. An ce ƙarar ta kai har bakin kwalta, amma ni ina nan ina ɗaure bel ɗin injin, sai na ga mutane suna wucewa da gudu ta ƙofar shago. Ƙafar gadar ta ɓangarenmu ce ta zauna, daidai inda injiniya ya faɗa. Motar ta kifa a cikin rafi, buhuna suka danne gaban. Ruwan ya yi fari fat da gari. Kafin mu fito da shi an yi sa'a biyu.

Mai babur ya iso da takardarki muna bakin rafi. A nan na karanta, a tsaye. "A ɗage maganar zuwa kasafin baɗi." Na karanta wurin ya fi sau goma.

Ga takardar godiyar nan na haɗo miki, a aljihunsa aka same ta, tawadar ta ɗan zube amma za ki iya karantawa. Taki ce, ba ni da ikon riƙe ta.

Ya bar mata da 'ya'ya biyar. Na je gaisuwa, matar ta amsa, ta kawar da kai. Da ta zage ni da ya fi min sauƙi.

An aiko min sammaci daga kwamitin sa ido, ba Larabar nan mai zuwa ba, ta sama. Sun samo mota, sun zo su biyar sun ɗauki hoto. Tambayarsu ɗaya ce, wa ya kawar da ganguna.

Wannan ta gidan waya zan aiko, ban san yaushe za ta same ki ba.

Kawunki.

*

Daga ofis, ranar Alhamis.

Kawu, ina gaishe ka, ina yi maka gaisuwar rashi, ko da yake ban san da wane baki ba. Lafiyar jiki muna da ita.

Na karanta takardun biyu. Ni na kashe mutumin nan, Kawu. Kai ka rubuto min baƙi da fari cewa kuna roƙon a ɗage doka, ni kuma na ɗauki kalmar nan na mayar maka ba tare da na tsaya na duba ba. A ɗakin nan sau goma nake rubuta "an ɗage" a rana, ma'anarta ɗaya ce a wurinmu, wato a ajiye sai wani lokaci. Shekara tara ina rubuta Hausar ofis har na manta yadda ake wa mutum magana. Kalma uku zan ƙara, in ce "zuwa kasafin baɗi". Yana tsaye a bakin ƙofa, ya ce min in rubuta a hankali, shi ba ya sauri. Ni ce nake sauri, don kada a koma zama babu ni.

Jiya na shiga wurin sakataren majalisa na gaya masa komai. Ya tashi ya rufe ƙofa. Ya ce, "Wace takarda? Majalisa ba ta aika wa kowa takarda ba. Ke kin san hukuncin ma'aikacin da ya fitar da maganar zama kafin a sa hannu? Ki koma kujerarki, ki yi wa 'ya'yanki tunani." Sun riga sun rubuta rahoton ruftawar gadar, ni na buga shi. An ce wasu mazauna unguwa ne suka cire shingen da majalisa ta sa. Rahoton injiniya mai cewa wata shida ba a ambace shi ba ko sau ɗaya.

Ka zo da 'yar takardar nan tawa ranar Laraba, ka ajiye ta a kan tebur a gaban kowa. In aiki ne ya tafi. Ba zan iya kallo a ɗora maka kai kaɗai ba.

'Yarka.

*

Daga tsallaken rafi, ranar Juma'a.

'Yata, gaisuwa. Ina fatan kin samu kin ci wani abu, don ranar Laraba na ga kin rame. Innarki ta fara tashi. Injina a kashe yake, ba mai kawo niƙa, ban kuma ga laifinsu ba.

Na gan ki a ƙarshen tebur, kanki a ƙasa. Ban gaishe ki ba da gangan, kada ki ɗauka fushi ne. Kin ji abin da na gaya musu, da hannunki ma kika rubuta: ni na kawar da ganguna, ra'ayin kaina ne, ba wanda ya aiko ni. Na ga kin ɗago za ki yi magana, shi ya sa na yi ta tari har kika mai da kai.

Ba rufa miki asiri kawai na yi ba, ki saurara. Ni ba yaro ba ne, Hausa kuma ba a ofishinku aka fara ta ba. Na san ɗagewa iri biyu ce. Da na buɗe takardarki, duka biyun sun zo min a rai. Mutane suna tsaye a ƙofar shago suna kallon bakina, sai na zaɓi wadda nake so. Kin ce bayani na zuwa Litinin, kwana huɗu kacal, ban jira ba. Kin gaya min ƙafar gadar a cinye take, na sani. Da Ba-Sauri ya ce in sake karantawa, shi ma ya ji abin da na ji, ni na yi masa dariya a gaban mutane. Wannan kayana ne, ki bar min abina. Naki kuma ki riƙe, ba zan ce miki babu ba.

Ga 'yar takardar nan na dawo miki da ita. Maigidanki ba ya aiki, in aka kore ki gida biyu ke nan suka mutu, gadar kuma ba za ta tashi ba.

Na sauka daga shugabancin ƙungiya. Mun sa katako biyu a kan rafi, da su ake tsallakawa, ruwa kuwa kullum ƙaruwa yake. Jiya matar marigayin ta tare ni a hanya, karo na farko da ta yi min magana. Sai da ta maimaita da ƙarfi sannan na ji. Ta ce, "Yanzu da ta ci mutum, za su gina?" Na ce zan tambaya.

A ƙarshen zaman nan ciyaman ya yi dogon jawabi, na ga bakinsa yana motsi, na ga ana gyaɗa kai, amma ko kalma ɗaya ban ji ba. Me suka yanke? Ki rubuto min da Hausar gida, ki cika maganar, ba na sauri.

Kawunki.

*

Daga gida, ranar Lahadi.

Kawu, ina gaishe ka da Inna. Muna lafiya. Takardar ta iso, ta yi kwana takwas a hanya. A gida nake rubuta wannan, a zaune.

Ciyaman ya yi ta'aziyya, aka tashi tsaye minti ɗaya. Sannan ma'aji ya ce aiki na goma sha bakwai sunansa gyaran gada, yanzu kuwa babu gadar da za a gyara, saboda haka a cire shi daga jeri. Aka cire. Gina sabuwa babban aiki ne, sai an buɗe masa sabon fayil, shi kuma ba a buɗewa sai kwamitin sa ido ya gama bincike. Kwamitin bai sa ranar gamawa ba. Shataletalen an fara haƙa, an amince da famfon.

A littafin majalisa na rubuta abin da aka ce in rubuta, cewa an ɗage maganar.

Kai kuwa ga abin da za ka gaya wa matar marigayin. Ba za su gina ba. Ba bana ba, ba baɗi ba. Ku ƙara katako na uku, ku ɗaura igiya ta riƙewa, kada a bar yara su tsallaka su kaɗai in ruwa ya cika.

'Yarka.